Mariƙin Wuƙar Barmo

An ce wani sarki, a zamanin da ya shuɗe, ya ga wata wuƙa a hannun wani falke, ruwanta yana naɗewa ya shige cikin ƙota, ba ta bukatar kube. Abin ya shiga ransa. Ya rantse a gaban fadawa cewa kafin kaka, kowane manomi da masunci da mai yankan kuɓewa a ƙasarsa sai ya mallaki irinta, a kan kuɗin da bai wuce na mudun gero biyu ba.

Waziri ya ce ba mai iya wannan aiki sai Barmo, wani tsohon maƙeri da ke zaune bayan ganuwa. Sarki ya aika masa da sharaɗi: wuƙar ta yi kaifin da ba ya dakushewa, a yi wa ƙotarta ado da tagulla mai tambarin sarki, kuma ta tsaya a wancan farashi. Idan kwana bakwai suka cika bai kawo samfuri ba, za a yanke masa hannun dama.

Kwana bakwai suka cika, ba wanda ya ji ƙarar masaba, wato gudumar ƙira, daga maƙerar. Sarki ya hau da kansa da tsakar rana. Da suka isa, dokinsa ya toge, ya ƙi matsawa. Ya sauka ya shiga shi kaɗai. Wuta tana ci ba hayaƙi, zugazugi yana numfashi ba mai taɓa shi. Tsohon yana zaune gefen uwar maƙera, ya ajiye tsofaffin wuƙaƙe uku masu naɗewa a kan buzu.

Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Tun jiya na wanke hannun, yana jiranka. Amma kafin a raba mu, ɗauki ta farko."

Sarki ya ɗauka ya gwada a gashin hannunsa, ta aske shi kamar aska.

Barmo ya ce, "Ƙarfenta mai tauri ne ƙwarai. Za ta shekara ba a wasa ta ba. Amma ranar da ta dakushe, dutsen bakin rafi ba zai ci ta ba, kuma idan manomi ya ɓanɓare ɓawon itace da ita, ta karye. Ta biyu ƙarfenta ya fi taushi. Duk mako sai an wasa, amma kowace tsohuwa za ta wasa ta a bakin turmi ko a kan dutsen niƙa."

Sarki ya ce, "Na yafe sharaɗin kaifi. A yi da na biyun. Ta ukun fa?"

Tsohon ya juya ta, ya nuna masa wani siririn ƙarfe kwance a bayan ƙota. "Wannan muke kira mariƙi. Shi ke danne ruwan wuƙa idan an buɗe, kada ya rufo kan yatsu. Yinsa yana cin yini guda. Adon tagulla ma yini guda. Mudu biyu, ya sarki, ba za su ɗauki yini biyu ba. Ɗaya zai hau, ɗaya ya sauka."

Sarki ya ce, "Wa ke ganin mariƙi?"

"Ba kowa."

"Wa ke ganin tambarina?"

"Duk wanda ya zaro ta a kasuwa."

"To, ka amsa da bakinka. Cire mariƙin, ka tsira da hannunka."

Barmo ya mayar da wuƙar kan buzu. Sa'an nan ya jawo kaskon ruwan da yake tsoma jan ƙarfe, ya tura gaban sarki. "Shekara hamsin ruwan nan yana shan wuƙaƙe. Ya san inda kowace za ta je. Duba."

Sarki ya sunkuya. Bai ga fuskarsa ba. Hannaye ya gani, suna tasowa daga ƙasan kaskon ɗaya bayan ɗaya, a buɗe kamar na masu roƙo. Hannun masunci mai kanta, ba ɗan ali. Hannun mace mai lalle, yatsa biyu dungu. Hannun baduku, hannun mai sassabe. Ba jini, ba kuka, sai hannaye kawai, kowane yana riƙe da ƙota mai walƙiya, tambarinsa a jiki. Ya ƙirga har ya gaji. Na ƙarshe ya taso a hankali, mai laushi, da zoben azurfa irin wanda ke hannun sarki, amma yatsan da ke ɗauke da zoben yana kwance gefe, shi kaɗai.

Sarki ya ja da baya, ya damƙe hannunsa a ƙirji.

Barmo ya ɗora hannun damansa a kan uwar maƙera. "Ya sarki, ko ta wace hanya sai an yi yanka a wannan aiki. Nawa guda ɗaya ne, kuma ya tsufa. Shi ya sa ban ɗaga masaba ba."

Sarki ya daɗe yana duban hannun tsohon. Daga nan ya sa nasa biyu ya ɗauke shi daga kan ƙarfen. Ya ce, "Baba, yi ƙota da itacen ƙirya tsura. Kada a sa sunana ko'ina. Sa mariƙin."

Da ya fito, doki ya yarda ya matso. A bayansa masaba ta fara bugawa, hayaƙi ya tashi daga rufin maƙera kamar na kowace maƙera. An ce wuƙaƙen nan sun yi zamani a aljihun mutane, baƙaƙe, ba ado, har aka manta wane sarki ne ya sa a ƙera su.

Masu hikima suka ce: adalci mariƙin mulki ne. Ba a ganinsa idan yana nan, idan kuwa aka cire shi, a yatsun talaka ake fara ganewa, a na sarki ake ƙarewa.