Dodon Kaset da Sandar Baba

Akwai wani mai gyaran talabijin da ake wa laƙabi da Ba-a-ja. Gwani ne a aikinsa, ba a ƙwace masa wannan, sai dai girman kai kamar ya kashe shi.

A ƙarƙashin teburinsa yana ajiye da wani tsohon gem na kaset, wanda mahaifinsa ya saya masa tun yana ɗan firamare. Wani ƙaton dodo ne ke fitowa daga teku yana tattake gari, kai kuma kana cikin ɗan jirgi kana harbinsa. Gem ɗin ba ya ajiye inda ka tsaya. Da an kashe ka, sai ka koma farko. Shekara ashirin da biyu Ba-a-ja bai taɓa kayar da dodon nan ba, abin yana ci masa rai.

Mahaifinsa ya tsufa, idonsa ya tafi. Ɗakinsa na bayan shagon, bango ɗaya ne tsakaninsu. In yana bukatar wani abu, sai ya buga bangon da sandarsa.

Wata ranar Talata bayan azahar, matar Ba-a-ja ta tafi unguwa. Hadari ya haɗu, layin ya yi tsit, shagon ya yi duhu kamar magariba. Gogan ya hura kaset, ya cusa, ya gyara zama.

Ranar hannunsa ya faɗa. Mataki na biyar, na shida, har ya kai na ƙarshe, inda bai taɓa zuwa ba. Dodon ya taso, idanunsa jajur, yana taku. Dum. Dum. Dum.

Sai ya ji bangon bayansa ya amsa. Dum. Dum. Dum.

"Ina zuwa, Baba!" ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Abin da ya tayar masa da tsigar jiki shi ne, duk takun da dodon ya yi, sandar na sauka tare da shi. Dodo ya tsaya, bango ya yi shiru. Dodo ya ɗaga ƙafa, bango ya amsa. Matattun talabijin da ke jere a kan kanta duk suna nuna masa jajayen idanun nan a gilashinsu.

Gabansa ya faɗi, amma ya ce a ransa, "Ruwa ne kawai zai ce in miƙo masa." Ya ƙara muryar talabijin. Kun ji fa, jama'a!

Ya fi awa ɗaya yana fafatawa. Can dodon ya yi ƙara, ya kife cikin teku. Ba-a-ja ya yi tsalle. "Yau na gama da kai!"

Babu wanda ya taya shi murna. Sai a lokacin ya lura bangon ya daɗe da yin shiru.

Ya zagaya da gudu. Ya tarar da tsohon a ƙasa tsakanin gado da bango, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki.

A asibiti likita ta tambaye shi, "Tun yaushe ya faɗi?"

Ya ce bai sani ba. Ta ce da an kawo shi da wuri, da akwai abin da za a gwada, amma yanzu ɓarin jikin ya tafi ke nan.

Ba-a-ja ya durƙusa a bakin gadon, yana kuka don kunya da nadama. Tsohon ya laluba kansa da hannun hagu, ya yi magana da ƙyar.

"Kar ka yi kuka. Na ji kana ta fama da aikin mutane, shi ya sa na daina bugawa. Allah ya yi maka albarka."

Har tsohon ya koma ga Mahaliccinsa, ɗan bai iya faɗa masa gaskiya ba.

Darasi: Wasa ana sake shi daga farko, kiran iyaye kuwa ba kullum ake maimaita shi ba. In sun kira, ajiye abin da ke hannunka ka tashi. Ku tura wa wanda kuka san iyayensa na raye, ko Allah zai sa ya amsa da wuri.