Hannu a Gefen Hoto

A wani layi mai yawan shaguna akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Hoto. Gwani ne, wannan kam ba mai musu. Idan ya ɗauke ka, sai ya zauna gaban kwamfuta ya goge maka ƙuraje, ya rage maka tumbi, har ka dubi hoton ka ce, "Kai, ashe haka nake?" Sai dai mutum ne mai girman kai da tsoron bakin mutane. A wurinsa, duk abin da bai yi kyau a ido ba gogewa ake yi.

Shagon a manne yake da gidansa. Bayan babban labulen da ake tsayawa a ɗauki hoto akwai ƙofa, bayan ƙofar kuma akwai ɗan ɗakin ajiye kwalaye da matattun fitilu, wanda ya ɓulle cikin gida.

'Ya'yansa mata biyu ne, sai autansu namiji. Kwana uku da haihuwar Auta idanunsa suka yi rawaya, ya rage kama mama. Uwar ta ce a koma asibiti. Mai Hoto ya ja tsaki ya ce aiki ya yi masa yawa, kuma wane jariri ne ba ya shawara? Sai da aka ƙara kwana biyar sannan aka kai shi.

Auta ya yi wata takwas wuyansa bai tsaya ba. Hannuwansa kullum a dunƙule, idan aka ɗaga shi ƙafafunsa su harɗe kamar almakashi, ga yawu na zuba. Likita ta zaunar da iyayen ta ce, "Shanyewar ƙwaƙwalwa ce. Wani doguwar naƙuda ke jawo masa, wani haihuwa kafin lokaci. Naku shawarar nan ce ta yi yawa, ta taɓa wurin da ke sarrafa motsi. Abin da ya taɓu ba ya dawowa, amma kuma ba ya ƙaruwa. Ku riƙa kawo shi gashi, wato motsa masa gaɓoɓi, sau biyu a mako don kada gaɓoɓin su sandare. Sannan ku ji ni da kyau: haɗiya tana masa wuya. A zaune za a ba shi abinci, kai a miƙe, cokali-cokali. Kada a taɓa ɗura masa a kwance."

Uwar ta haddace kowace kalma. Shi kuwa gogan naka abu ɗaya ya ji, wato sau biyu a mako za a riƙa ratsa layin da yaron nan kowa na gani.

"Ba da ni ba," in ji shi da suka dawo. "Ni da manyan mutane ke zuwa wurina, a ce ga abin da na haifa?"

"Haba Maigida, abin? Ɗanka ne fa."

"Na ce ba inda za shi. In kina so, ki murza shi a ɗaki."

Haka ta yi ta murza shi a ɗaki, safe da yamma, tana miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya tana masa waƙa. Ta sa kafinta ya yi masa kujera mai tokare kai da ɗamara, kamar yadda likita ta zana mata. Auta bai yi magana ba, amma wallahi yaron ya san komai. Da ya ji ƙarar na'urar hoto daga shago sai ya washe baki, ya fara harba ƙafa. Idan uban ya ratsa ta tsakar gida, yaron ya bi shi da ido har ya ɓace. Shi kuwa uban, ko kallo yaron bai ishe shi ba.

Duk shekara Mai Hoto yakan jera iyalinsa gaban labule ya ɗauka, ya rataye a shago don talla. Ranar hoto, ɗakin kwalaye ake kai Auta. Wata shekara uwar ta yi taurin kai ta zaunar da shi a gefenta. Mai Hoto ya ɗauka, ya shiga kwamfuta, ya yanke yaron ƙat.

Da Auta ya shekara biyar, wata mai zuwa hoto ta leƙa bayan labule neman madubi, ta ga kujerar ta ce, "A'a, wa ke da lalura a gidan nan?" Tana fita Mai Hoto ya sa guduma ya farfasa kujerar, ya zuba katakon a shara. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Daga ranar a cinyarta take tokare yaron ta ba shi abinci.

Wata Talata ƙaramar 'yar ta faɗi a makaranta ta karye a hannu. Uwar ta fita a gigice, tana cewa, "Maigida, ga madararsa nan a kofi. Don Allah a zaune, da cokali, kar ka yi sauri."

Ranar kuwa ɗalibai talatin ne suka cika shagon da rigunan kammala karatu. Can sai kukan Auta ya taso daga bayan labule, a ɗakin kwalaye inda yake kwance. Wata ɗaliba ta ce, "Mai Hoto, kyanwa kake kiwo ne?" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe. Ya ƙure sautin rediyo, ya faɗa ɗakin.

Auta na ganinsa ya yi shiru, ya washe baki. Karo na farko kenan da ubansa ya durƙusa a gabansa. Mai Hoto bai ɗaga shi ba, bai nemi cokali ba. Ya danne masa goshi a kan katifa, ya kafa masa kofi a baki.

"Sha ka rufe mini baki!"

Yaron ya ƙware, madara ta fito ta hanci, fuskarsa ta canza. Uban ya goge hannunsa da tsumma ya koma yana cewa, "To, kowa ya yi murmushi!"

Washegari zazzaɓi ya rufe Auta, ƙirjinsa na ƙugi. Mai Hoto ya ce mura ce, bai faɗi abin da ya yi ba. Sai a kwana na uku uwar ta saɓa ɗanta ta fita ta ƙofar shago, a gaban kowa. Likita ta duba ta ce, "Abinci ya shiga huhunsa. Wa ya ba shi a kwance?" Uwar ta juya ta kalli mijinta da ya biyo bayanta. Kafin la'asar Auta ya cika.

Bayan kwanaki uwar ta shigo shagon da jakarta, 'yan matan na biye da ita.

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji ta. "Tafiya zan yi. Ka ba ni hotonsa guda ɗaya, yayyensa kar su manta fuskarsa."

Ya buɗe kwamfuta. Hotuna dubbai: amare, ɗalibai, jariran mutane, har karen wani attajiri. Ya bincika shekara biyar kaf. Asalin hoton da ya yanke yaron daga ciki ma ashe ya goge shi tun ranar. Abin da ya samu kawai shi ne hoton nan na bango, inda a can gefe, kan zanen uwar, yankan ya bar wani ɗan hannu a dunƙule.

Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta sauke hoton, ta ɗauki almakashinsa, ta yanke wajen hannun ta sa a jaka. Ragowar, mai ɗauke da fuskarsa fes, ta ajiye masa a kan tebur ta fita.

Mai karatu, yaro mai shanyewar ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne, ɗa ne mai ji, mai gane wanda ke ƙaunarsa. Idan jariri ya yi shawara a garzaya asibiti, idan lalura ta samu a kai shi gashi, a bi maganar likita da haƙuri. Wanda ya fifita idon mutane a kan ran ɗansa, mutanen za su karɓi hotunansu su watse, shi kuma ya zauna da nadamar da babu na'urar da za ta goge masa ita.