Alkawari Biyu na Madam Lubabatu

A garin Magarya akwai wata dattijuwa mai suna Lubabatu, wadda kowa ke kira Madam saboda ta daɗe tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kafin ta ajiye aiki. Mace ce mai fara'a da son jama'a, ba ta da rowa, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga wa wani murya ba. Aibinta guda ɗaya ne. Ba ta iya kallon idon mutum ta faɗa masa abin da ba ya son ji. Duk wanda ya zo mata da buƙata sai ta ce masa "to", ko da ta san abin da wuya, don dai ya tashi daga gabanta da farin ciki. Ita tana kiran halin nan kunya, mutanen gari kuwa suna kiransa kirki.

Saboda wannan kirkin aka zaɓe ta shugabar biro na ƙungiyar teyatur ta Inuwar Gawo. Ƙungiya ce ta 'yan sa-kai. 'Yan wasanta teloli ne da ɗalibai da masu kabu-kabu, suna zagaya kasuwannin yankin Magarya da Dungas suna yi wa jama'a wasan kwaikwayo kyauta, don a yi dariya a kuma ƙaru. 'Yan biro kuwa su ne manyan da ke riƙe da ƙungiyar. Su ke neman izinin hukuma, su samo abin hawa da wurin gwaji, su sasanta idan an sami saɓani. Babu wanda ake biya ko dala.

Mutum biyu ne ƙungiyar ta fi dogara da su. Na farko Tijjani, tsohon ɗalibin Madam, wanda ke tsara wasanni yana koya wa 'yan wasa. Yana da basira, amma yana da saurin fushi, kuma ba ya son a taɓa masa aiki. Na biyu Alhaji Munir, ɗan biro, mai sayar da takin zamani da irin shuka. Tun yana saurayi yake son teyatur. Shi ya ba su filin da ke bayan sitonsa suna gwaji, kuma kamiyonsa, babbar motar ɗaukar kaya, ke kai su ƙauyuka. Yana sa jar dara a karkace, yana kuma jan ƙafar hagu tun wani haɗarin moto da ya yi.

Wata shekara, ana daf da faɗuwar damina, Tijjani ya tsara wasa a kan 'yan kasuwar da ke cakuɗa taki da yashi, abin da manoma suka daɗe suna kuka da shi. Ya ba wani tela mai suna Alkasim matsayin macucin ɗan kasuwa. Alkasim gwani ne wajen kwaikwayon mutane. Da yake Alhaji ne mai takin da yake gani kullum, sai ya samo jar dara ya karkata ta, ya riƙa jan ƙafar hagu. 'Yan wasa suka yi ta dariya. Babu wanda ya yi nufin sharri, don duk sun san Alhaji bai taɓa cutar kowa a awo ba.

Alhaji ya leƙo daga ƙofar sito ya ga abin da ake yi. Ya juya ya koma ciki. Bayan la'asar ya tafi gidan Madam, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Ya ce, "Madam, wasan nan yana da kyau, ni ma ina so a tona asirin masu wannan ta'asa. Amma yaran nan ni suke kwaikwayo. Mu nan mun san wasa ne, mutumin ƙauye fa? Hular kawai nake so a sauya, da tafiyar."

Madam ta ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Ka yi wa Tijjani magana?"

"Idan ni na faɗa masa zai ce ina taƙama da kamiyona. Ke ce shugaba, ke kuma kika koyar da shi."

Ta ce, "An gama, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka."

Washegari da hantsi, tun ba ta aika a kira shi ba, sai ga Tijjani ya shigo ransa a ɓace. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa biro zai sa hannu a wasan, amma bai san a kan me ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Madam, na ji ana so a yanke min wasa. Wata biyu ina wahala a kansa, ba na neman komai a wurin kowa. Idan biro zai riƙa gaya min abin da zan sa da wanda zan cire, gara in ajiye tun yanzu."

Madam ta buɗe baki za ta ce masa maganar hula ce kawai. Sai ta ga idanunsa sun yi ja, ta tuna yadda yake zuciya tun yana ƙaramin aji. Ta ji tsoron ya tashi ya fita.

Ta ce, "Haba ɗana, wa ya gaya maka? Babu mai taɓa maka wasa muddin ina nan."

Tijjani ya yi godiya ya tafi yana murmushi. Madam ta ce a ranta za ta same shi ranar da ya huce. Amma kullum ta je filin gwaji sai ta tarar da shi cikin nishaɗi, ta ga bai kamata ta ɓata masa rai ba. Sau ɗaya ta ja Alkasim gefe ta ce, "Ka ɗan sassauta a wurin nan na ɗan kasuwa." Bai gane nufinta ba, ya zaci muryarsa ce ta yi yawa, sai ya rage ta.

Aka yi taron biro na ƙarshe kafin a fita zagaye. Da aka gama maganar man kamiyo da abincin 'yan wasa, sakatariyar ƙungiya, wata malamar jinya mai suna Saratu, ta tambaya ko akwai sauran magana. Alhaji ya dubi Madam. Madam ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Shi kuwa ya ɗauka ta riga ta kashe maganar a asirce don ta rufa masa asiri, har ya ji daɗi.

Da aka watse Saratu ta biyo ta ta ce, "Madam, na ga kamar akwai abin da ke damunki."

"Babu komai, Saratu. Gajiya ce."

Ranar kasuwar Sassumbrum aka fara nuna wasan. Alhaji da kansa ya rako su, da jar dararsa, aka ba shi benci a gaba tare da dattawan gari. Jama'a ta cika fili, wasu a kan amalanke, yara a kan reshen itace. Yawancin manoman da ke wurin a hannunsa suke sayen taki.

Alkasim ya fito yana jan ƙafar hagu, hula a karkace, da buhu a kafaɗa. Fili ya kaure da dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi Alhaji Munir ne!" Mutane suka riƙa miƙa wuya suna duban benci. Madam tana tsaye a gefen kamiyo tana kallo.

Sai aka zo wurin da ɗan kasuwa ke waige-waige yana ɗibar yashi da ƙwarya yana zubawa a buhu. Dariya ta fara raguwa. Wani tsoho ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ashe shi ya sa gerona ya ƙi bara! Mutanensa ne da kansu suka tona shi!" Nan take surutu ya tashi ko'ina.

Alhaji ya miƙe a hankali. Babu hanyar fita sai ta tsakiyar jama'a. Ya ratsa su yana jan ƙafarsa, daidai irin tafiyar da aka gama kwaikwayo, yara suna nuna shi suna ƙyalƙyala dariya. Da ya iso wurin Madam ya tsaya. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Madam, kin ce min an gama."

Tijjani, wanda ya tsayar da wasan ya biyo shi da gudu, ya ji maganar. Ya ce, "Me aka gama?"

Alhaji ya ce, "Na roƙe ta tun kwanaki a sauya hular nan da tafiyar. Ba ta gaya maka ba?"

Tijjani ya juya ya dubi malamarsa. Ya ce, "Hula ce fa kawai, Madam. Da kin faɗa min, ko da na yi fushi, kafin magariba na sauya ta."

Alhaji ya gaya wa direbansa ya tsaya ya mayar da yara gida, shi kuma ya hau kabu-kabu ya tafi.

Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Kwaya, ya kai Dungas, kowa yana ƙara nasa. Aka ce an kama Alhaji da buhunan yashi. Aka ce 'yan teyatur sun gani da idonsu a bayan sitonsa, tunda can suke gwaji. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, lokacin sa taki ya zo, manoma suka riƙa wuce shagonsa suna zuwa wurin wasu, har da masu tsallaka iyaka su sayo. Kayan da ya tara don daminar suka zauna a sito. 'Ya'yansa suka sa kwaɗo a ƙofar filin gwaji, shi kuma ya aiko a gaya wa biro ya ajiye kujerarsa.

Tijjani ma bai zauna ba. Ya ce ba zai iya bin titin Magarya yana haɗuwa da mutumin da ya yi shekaru yana ɗawainiya da su, wanda aka tozarta da wasansa ba. Ya tattara kayansa ya koma Damagaram wurin wani ɗan'uwansa. Ya je ya yi wa Alhaji ban kwana, amma bai biya ta gidan Madam ba. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kwanaki ba ta fita ko ƙofar gida.

Daga baya ta kira taron biro a zaurenta. Ta faɗa musu yadda aka yi tun daga farko, ba ta rage komai ba, sannan ta ce za ta sauka.

Saratu ta ce, "Sauka ba ta da wuya, Madam. Amma sunan bawan Allah nan yana can a kasuwanni ana taka shi. A fara ɗauko shi tukuna."

Madam ta yarda. Ita da Alkasim suka riƙa bin kasuwanni, wani lokaci a kabu-kabu, wani lokaci a amalanke, cikin laka da ruwan sama. A kowace kasuwa sai su buɗe sabon buhu daga siton Alhaji, su bar wani manomi ya ɗiba da hannunsa ya zuba a kwanon ruwa. Takin ya narke, babu ko ƙwayar yashi a ƙasan kwano. Sannan Madam ta tsaya gaban jama'a, ita da ba ta taɓa iya faɗa wa mutum ɗaya magana mai ɗaci ba, ta ce, "Alhaji Munir bai cuci kowa ba. Ya roƙe ni in hana a kwaikwaye shi, na yi masa alkawari na kasa cikawa. Laifin nawa ne."

Wasu suka gaskata, har tsohon nan na Sassumbrum ya ce a kai wa Alhaji ban haƙurinsa. Wasu kuwa suka ce ai biyansu aka yi su zo su wanke shi. Ko da maganar ta fara lafawa gero ya riga ya fid da kai, lokacin taki ya wuce. Alhaji ya karyar da kayansa ga wani ɗan kasuwa, ya sayar da kamiyon, ya daina harkar taki gaba ɗaya. Ya koma sayar da iri a ɗan ƙaramin shago.

Bayan kaka Madam ta same shi a shagon. Ta durƙusa, duk da ta girme shi, ta nemi gafara tana hawaye.

Ya ce, "Tashi, Madam, don Allah tashi. Na yafe tuntuni. Na san ba mugunta ba ce, na kuma ji wahalar da kika sha a kasuwanni. Amma da kin ce min ba za ki iya ba, da na cire kunya na sami yaron da kaina. Abin da ya fi ci min rai shi ne, na sa hular nan na zauna a gaban mutane ne saboda na yarda da maganarki."

Ƙungiyar Inuwar Gawo ba ta mutu ba, amma ta ƙanƙance. Saratu ce shugabar biro yanzu. Suna gwaji a farfajiyar wata lakwal ranakun da babu karatu, kuma ba sa wuce ƙauyukan da amalanke zai iya kai su. Madam ta zama 'yar ƙungiya kamar kowa, tana wanke kayan wasa tana ɗinke waɗanda suka yage. Tijjani ya aiko mata da gaisuwa da babbar salla, amma bai dawo ba. Alhaji kuwa idan sun haɗu a hanya yana gaishe ta da mutunci, sai dai tun daga ranar kasuwar Sassumbrum bai sake tsayawa kallon teyatur ba.

Darasin wannan labari shi ne, wanda aka damƙa wa jagorancin jama'a, ko da aikin sa-kai ne da ba a biyansa komai, amana aka ba shi, kuma cikin amanar akwai faɗin gaskiya a lokacinta. Kyawun zuciya kaɗai bai isa ba. Madam Lubabatu ba ta ƙi kowa ba, ɓacin ran mutum biyu na ɗan lokaci kawai ta guda, sai ta jawo wa ɗaya asarar sana'a da suna, ta raba ɗayan da garinsu. Idan mutane biyu suka kawo maka buƙatun da suka saɓa, kada ka ce wa kowannensu "to" a ɓoye. Ka haɗa su, ka faɗi abin da ke akwai tun maganar tana ƙarama, kuma kada ka ɗauki alkawarin da ba ka da ƙarfin halin cikawa.