Sarƙaƙiyar Da Mai Hassada Ya Shuka

An yi wani mutum a unguwar Fezzan, direban Keke Napep ne, Allah ya rufa masa asiri. Ba zan kama sunansa ba. Yana da maƙwabci, Malam Kashim, wanda ya mayar da bayan gidansa lambu: gwaiba, lemun tsami, zogale.

Duk wanda ya wuce sai ya ce masha Allah. Shi kuwa mutumin nan, kowane yabo kamar an ɗiga masa dalma a ƙirji.

Tsakanin filayensu akwai wata siririyar iyaka, kamu biyu ba ta kai ba. Mutumin ya je wurin mai sayar da dashe a bakin kogi, ya ce shinge yake so.

Mai dashe ya ce, "Wuri ne matsattse, Alhaji. Ɗauki lalle, ba ya cin fili, iyali ma su amfana."

Ya ce, "Ƙaya nake so. Wadda ke yaɗo."

Ya samo sarƙaƙiya ya dasa. Matarsa Aisa ta ce, "Maigida, yara a nan suke wasa fa." Ya daka mata tsawa.

Ya 'yan uwa, akuya yake tsoro? Ɓarawo? A'a. Burinsa ƙayar ta haura ta shaƙe itatuwan maƙwabci.

Malam Kashim kuwa sai dai ya sare abin da ya shigo gefensa. Gwaibarsa ta ci gaba da 'ya'ya. Abin ya ƙara cin mutumin.

Wata Juma'a, da unguwa ta tafi masallaci, ya tsaya yana tura rassan ƙaya cikin lambun da sanda. Ya taka guda, ta huda silifas, ta shige tafin ƙafa. Ga shi da ciwon suga. Ya ɓoye raunin, don kada a tambaye shi abin da ya hana shi salla. Kafin a kai shi asibiti ƙafar ta ruɓe. Aka yanke ta daga gwiwa. Aka sayar da keken, aka cire yara daga makaranta.

Ya 'yan uwa, me ya samu? Hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa ko ƙwayar gero daga rabonsa. Mai ita take ci, tun daga zuciya har gaɓoɓi. In ka ga ni'ima a gidan maƙwabci, yi masa addu'a, ka roƙi taka.

Allah ya wanke mana zukata. Allah ya kiyaye mu.