Gambar da Baba Manu Ya Dasa

Akwai wani Alhaji Bashar a Kwatarkwashi, mai tarakta, mai magana kamar yana ba da umarni ko da gaisuwa yake yi. Gonarsa tana jikin ta Shafa'atu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Tsakanin gonakin akwai layin gamba, ciyawar da manoma ke dasawa don nuna iyaka.

Bayan girbi, Alhaji ya sa aka sare gambar, aka banka mata wuta, tarakta ta bi ta kai. Shi ke nan ya haɗiye gefen da ya fi albarka, inda Shafa'atu ke noma dawar da take ciyar da yaranta.

Ta kai ƙara kotu a Bungudu. Shaidarta mutum ɗaya ne, Baba Manu, tsohon da ba ya fara magana sai ya yi tari.

“Ehem. Allah gafarta Malam, ni da kakan yaran ga munka dasa gambar, tun daga gindin dutse har tsamiya. Ehem. In ba ku yarda da ni ba, ku jira ruwa. Ita da kanta za ta hwaɗa muku.”

Alƙali ya ce wa Alhaji ya yi wa shaida tambayoyinsa.

Alhaji ya gyara babbar riga. “Ranka ya daɗe, lauyana na Gusau, zazzaɓi ya kwantar da shi.”

Zama na gaba, wai lauyan yana wurin ɗaurin aure a Tsafe. Na bayansa, mota ce ta lalace. A majalisa kuwa sai Alhaji ya kwaikwayi tsohon, ana dariya.

“Ehem, ehem! Wannan tarin zai kai damina? Lauya ya ce shaidar da ba a yi wa tambaya ba, in mai ita ya mutu, tare za a binne su.”

Bai kai ɗin ba. Ana cikin zafin bazara Baba Manu ya cika.

Alhaji har da shiga sahun gaba a jana'iza. Ana gama tura ƙasa, mutane sun yi tsit, sai ya ji a bayan kunnensa: “Ehem.”

Ya waiwaya. Ba kowa, sai kaburbura.

Ya sake jin sa ranar shuka, da rana tsaka, a gindin tsamiyar nan. Daga ranar bai ƙara taka gonar ba, sai dai ya tura 'yan ƙwadago.

A kotu lauyansa, wanda ya warke garau, ya nemi a jefar da shaidar mamacin. Shafa'atu ta sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, “An ba ku dama ku tambaye shi, ku kuka yi ta zillewa. Shaidarsa ba ta faɗi ba. Sai dai ita kaɗai ba ta isa in yanke hukunci ba. Za mu je gonar.”

Lokacin kuwa ruwa ya zauna.

Suna isa kowa ya tsaya cak. A tsakiyar masarar Alhaji ga wani koren layi, miƙe sambal, daga gindin dutse har tsamiya. Wuta ta ci ganyen gambar, amma saiwar tana ƙasa tana jiran ruwa.

Alhaji ya daka wa shugaban 'yan ƙwadagon tsawa. “Bala! Ba ku yi noma ba ne?”

“Mun yi, Alhaji, tas. Amma wa zai sa fartanya a gambar iyaka? Ko ubana bai taɓa ba.”

Da Alhaji ya bari an gama shari'ar da rani, da fili kawai za a tarar, ba ko tsinke.

Aka mayar wa Shafa'atu gonarta. Ta durƙusa ta shafa ganyen, ta ce a hankali, “Baba, sun gani.”

Alhaji ya nufi mota shi kaɗai. Ya kama ƙofa ke nan, sai ga shi kuma: “Ehem.”

Wannan karon bai waiwaya ba. Daga maƙogwaronsa ya fito.

Darasi: Kada ka zauna jiran mutuwar mai faɗin gaskiya don ka ci haƙƙin wani. Shaida zai iya rasuwa, amma abin da ya gani yana nan, kuma jinkirin da kake taƙama da shi yana iya zama shi zai tona ka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu gona kusa da ta marayu.