Harshen Hawainiya a Ranar Gwanjo

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, muna saurare.

Wata shekara aka yi fari, Giwa ta sa rijiyarta a gwanjo. Ta rataye hujajjen tulu cike da ruwa, ta ce kowa ya rubuta tayinsa a ganye ya jefa a ƙwarya, ɗigon ƙarshe na faɗuwa an rufe.

Ƙishirwa ta kwantar da 'ya'yan Kunkuru. Amma duk wanda ya taya, sai Kura ta leƙa ta ɗora kaɗan a kai.

Kunkuru ya kai wa Hawainiya ganyensa. "Yaya, ga iyakar ƙarfina, kuma Kura za ta ɗara."

"Ba ta ɗara abin da ba ta gani ba. Je ka zauna shiru."

Kura ta hango shi. "Malam Kunkuru, kallo ka zo?"

Ɗigon ƙarshe ya bar tulu. Kafin ya taɓa ƙasa, harshen Hawainiya ya gilma daga reshe kamar walƙiya, ganyen Kunkuru ya kwanta a ƙwarya. Kunkuru kansa sai da ya riƙe baki.

Giwa ta duba, ta ce, "Na sallama wa Kunkuru."

Kura ta daɗe tana duban reshen, ganyaye kawai take gani.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da kun ce na ƙara gishiri.