Wuƙar da Lehrasab ya dawo da ita daga Bama

Ƙawata, zauna ki ji wannan. A unguwarmu ya faru, shi ya sa ban iya riƙe shi ba.

Akwai wani tsohon soja a ƙauyenmu kusa da garin Chakwal, sunansa Lehrasab. Ya yi yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da wuƙar da sojoji suka ba shi. Duk Babbar Sallah da ita yake yi wa unguwa yanka. Ragon gidanmu ma da ita ake yankawa tun ina amarya.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, wuƙar ta zauna hannun ƙaramin ɗansa Mehrban, manomin gyaɗa. Babban, Sajawal, yana birnin Rawalpindi da iyalinsa, sai Sallah yake zuwa.

Wata shekara Sajawal ya zo da sabon ilimi. Wani abokinsa mai tara kayan yaƙi na dā ya gaya masa duk wuƙar soja ta gaske tana da tambarin kibiya da shekara a gindin ƙarfen. Sajawal ya ce a kawo wuƙar Baba. Ya juya ta, ya ƙara juyawa. Ba kibiya, ba shekara, ƙarfen kuma ya siranta.

"Mehrban, ina wuƙar Baba?"

"Ga ta a hannunka, Yaya."

"Wannan ta yanka albasa? Ka sayar da ta Baba, ka sayo min ta kasuwa, ka ɗauka ni ma gyaɗa nake nomawa?"

A gaban mata da maƙwabta ya faɗa. Ya ture shayin da aka kawo masa, ya rantse ba zai ƙara cin abincin gidan ɓarawo ba, ya shiga mota.

Mehrban bai rama ba. Mutane suka riƙa yi masa wani irin kallo a masallaci, ya haɗiye. Da gyaɗa ta nuna ya aika wa Yayansa buhu kamar kullum, aka dawo masa da shi. Ya sake aikawa.

Da Sallah ta sake matsowa, ya naɗe wuƙar a mayafi ya tafi Rawalpindi da kansa.

"Yaya, ka zaɓi duk wanda ka yarda da idonsa. Abin da ya ce, na karɓa."

Sajawal ya kai shi wurin Haji Gulistan, dattijon da dillalan tsoffin makamai suke kai wa kaya ya duba. Haji ya ɗaga wuƙar a tafinsa, ya duba ƙusoshin ƙota, ya ƙyasta ƙarfen da farce ya saurara.

"Wane mara imani ne yake wanke ta da toka da yashi?"

"Innarmu ce, Allah Ya jiƙanta," in ji Mehrban. "Bayanta kuma matata."

"Amin, na janye maganata. Mai wasa wuƙa a keke kuma fa?"

"Duk shekara kafin layya."

Haji ya yi dariya. "To ku kuka cinye kibiyar. Ƙirar ta soja ce, ƙarfen ma haka. Sai dai ba tambari, masu saye ba za su kalle ta ba. Wataƙila akwai lamba a ƙarƙashin ƙota, amma in na cire ƙusa katakon zai tsage."

"Cire," in ji Mehrban. "In dai Yaya zai samu natsuwa."

Haji ya ɗauko guduma, sai ya tsaya yana shafa ƙotar.

"Mai ita bahago ne? Ku ga inda babban yatsa ya ci katako. Hannun dama ba ya zama a nan. Wannan ramin kuwa ba aikin shekara goma ba ne."

Sajawal ya karɓa da dama, ta ƙi zama. Ya mayar hagu, yatsansa ya faɗa cikin ramin. Duk ƙauye an san Lehrasab da hagu yake komai banda cin abinci. 'Ya'yan nan biyu kuwa ba bahago a cikinsu.

"Haji, ajiye gudumar," in ji Sajawal. Ya juya. "Mehrban, a gaban mutane na kira ka ɓarawo."

"Ya wuce, Yaya."

"Bai wuce ba. A gabansu zan janye."

Kuma ya yi. Ranar Sallah bayan an sauko daga idi ya miƙe a gaban jama'a ya nemi gafarar ƙaninsa. Da idona na ga su biyun suna bi gida gida, ɗaya na riƙe rago ɗaya na yanka, har suka iso namu.

Darasi: Kada ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci da ɗan abin da ka jiyo a waje, wanda aka zalunta kuma ya yi haƙuri ya bar ƙofarsa a buɗe, Allah Yana fito da gaskiya. Ku tura wa duk wanda ya yi fushi da nasa.

Ke kuma ƙawata, darasin ki yaɗa shi, amma don Allah kar ki faɗa wa kowa daga bakina kika ji. Matar Sajawal 'yar ƙanwar mijina ce.